Ɗaya ta zama biyu: yadda kala-azar ta cika saifar wani yaro a Gadarif

Ƙarshen Oktoba ne, ana tsakiyar yankan riɗi, shekaru kaɗan kafin yaƙin da ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023, kawuna ya shigo ma'amal ɗin da nake aiki riƙe da hannun ɗansa. Ma'amal shi ne ɗakin gwajin jini da fitsari. Mu Hausawan Gadarif, a gabashin Sudan, bakinmu ya daɗe da gauraya da Larabci, sai a yi haƙuri da mu. Yaron shekararsa 9. Na san shi tun yana goye, amma ran nan sai da na ƙara dubawa kafin na gane shi. Wuya ya koma kamar kara, haƙarƙari duk a waje, ciki kuwa ya yi tulu ya turo jallabiya gaba. Leɓɓansa sun yi fari fat, ga busasshen jinin haɓo a hanci.

Zuwansu na biyu ke nan. Na farko makonni 6 kafin nan, kuma ni da hannuna na gwada jinin, na ga malariya, na rubuta, hakim, wato likita, ya ba su maganin malariya na Coartem suka koma gida. Abin da ya sa na zauna rubuta wannan nazari shi ne, a jikin yaron nan na ga darasin da muka haddace a makaranta muka zubar bayan jarrabawa, wato yadda halitta mai ƙwaya ɗaya tal take hayayyafa ba namiji ba mace, ya fito daga littafi ya kwanta a kan angarib, gadon igiya, yana nishi.

Inda abin ya samo asali

Ƙauyensu yana kudu maso yamma da birnin Gadarif, ta wajen kogin Rahad. Ƙasar wurin baƙar laka ce, irin wadda da damina take riƙe tayar mota, da rani kuma ta dare har ƙafar akuya ta faɗa ciki. Itatuwan wurin biyu ne suka fi yawa: aduwa, wadda Larabawa ke ce wa hijlij, da ɗalha, wadda matanmu ke turara jiki da itacenta. Duk wanda ya yi aikin kala-azar, cutar zazzaɓi mai kumbura saifa, a gabashin Sudan, da ka faɗa masa waɗannan abubuwa uku ya san sauran zancen, domin nan ne gidan ƙyashi. Ba ƙyashin zuciya nake nufi ba, ɗan ƙwaron nan mai gashi-gashi wanda tsawonsa bai wuce milimita 2 zuwa 3 ba. Irin da ke yaɗa cutar a wajenmu sunansa Phlebotomus orientalis. Ba ya kuka a kunne kamar sauro, macen ce take cizo don tana bukatar jini ta yi ƙwai, kuma daga magariba zuwa asuba take fita. Lokacinsa bazara ne, daga Maris zuwa Yuni, daidai lokacin da zafi ya kori kowa daga ɗaki, kuma daidai lokacin da aka naɗe gidan sauro aka ajiye tun da babu sauro.

A wannan bazarar yaron shi ke kiwon awakin gida. Yakan kai su cikin ɗalha, ba ya dawowa sai an yi kiran magariba, ya ci asida, wato tuwo, ya kwanta a tsakar gida ƙarƙashin aduwa. Babu wanda ya tuna da wani cizo, kuma ba abin mamaki ba ne. Zazzaɓi bai taso ba sai farkon Satumba, wata 4 ko 5 bayan nan. Tsakanin cizo da kwanciya yawanci wata 2 ne zuwa 6, shi ya sa ƙyashi ke cizo da bazara, asibitoci kuma su cika daga kaka zuwa sanyi.

Bayan Coartem zazzaɓin ya lafa na 'yan kwanaki, ya dawo. Aka sayo wani maganin malariyan a kantin magani na ƙauye. Aka karɓo rubutun sha wurin malam. Da ciki ya fara kumburi ta hagu, kakarsa ta kira wanzami ya yi masa tsaga a kan saifa. Ban ga laifinsu ba. Ciwon da ke cin yaro a hankali, yau ya tashi ya yi wasa gobe ya kwanta, ba ya kama da ciwon asibiti a idon mutane, kama yake da sammu ko iska. Kuma ai sun fara zuwa asibitin, mu muka sallame su.

Abin da gilashi ya nuna

Hakim ya kwantar da shi ya taɓa cikin, ya ji bakin saifa ya sauko kusa da cibiya, hanta ma ta ɗan leƙo. A matsematsinsa akwai kaluluwa. Ƙa'idar da muke aiki da ita a sarari take: zazzaɓin da ya wuce mako 2, ga babbar saifa ko kaluluwa ko rama, a yankin da cutar take, to a nemi kala-azar. Na ɗiga jininsa a kan ɗan tsinken gwajin gaggawa da ake kira rK39, layi ɗaya ya fito, wato babu. Da a Indiya ne da sai hankali ya ɗan kwanta, amma sananne ne cewa gwajin nan ya fi kuskuren masu cutar a gabashin Afirka. Saboda haka hakim ya soka allura a kaluluwar ya zuƙo ɗan ruwa, na shafa a gilashi, na bar shi ya bushe, na kafe shi da metanol, na rina da rinin Giemsa, na ɗiga mai, na sa a ƙarƙashin madubin da ke ƙara girman abu sau 1,000.

Na fi rabin awa ina yawo a gilashin nan ban ga komai ba sai ƙwayoyin kaluluwa. Can a gefe, inda shafin ya yi siriri, na tarar da ita: wata babbar farar ƙwayar jini, irin da ake kira makurofaj, wadda aikinta haɗiye duk baƙon da ya shigo jiki ta narkar da shi. Cikinta cike yake da wasu 'yan ƙwai-ƙwai kamar an zuba gero a jaka. Kowanne faɗinsa maikuron 2 zuwa 4, maikuron kuwa kashi ɗaya ne cikin 1,000 na milimita. A cikin kowanne akwai ɗigo biyu, babba mai zagaye da ƙarami kamar guntun tsinke. Babban shi ne cibiyar ƙwayar, inda kundin gadonta na DNA yake. Ƙaramin sunansa kinetofilas, shi ma tarin DNA ne, kuma shi ne shaidar da ke raba wannan halitta da tarkacen rini. In ba ka ga ɗigo biyu ba, kada ka rubuta komai.

Wannan ita ce Leishmania donovani. Sunan mutum biyu ne aka haɗa: William Leishman, likitan sojan Birtaniya da ya gan ta a saifar wani soja da ya kamu a Dum Dum kusa da Kalkata, da Charles Donovan da ya gan ta a Madras. Dukansu a 1903 suka bayyana abin da suka gani, shekarar da aka yi yaƙin Burmi, wanda bayansa Mai Wurno ɗan Sarkin Musulmi Attahiru ya jawo jama'a zuwa gabas har suka kafa garin da ke ɗauke da sunansa a bakin Shuɗin Nilu. A 1904 Sheffield Neave ya tabbatar da cutar a Sudan. Ashe lokacin da kakannin wasunmu ke kan hanya, ita tana nan tana jira. Sunan kala-azar kuwa daga Indiya ya zo, ma'anarsa baƙar cuta.

Da na ƙara duba jakar nan da kyau, sai na ga ɗaya daga cikin 'yan ƙwan ta fi sauran faɗi, tana da cibiya biyu da tsinke biyu, amma fatarta ɗaya ce tukuna. Metanol ya kama ta tana tsakiyar rabuwa. Na san ba a cika shigo da ɗan rakiya wurin madubi ba, amma na fita na kira kawu.

"Kawu, rufe ido ɗaya ka duba nan, wajen hannun dama daga sama."

Ya daɗe sunkuye. Da ya ɗago ya ce, "To, ɗana, gani ya kori ji. Amma guda nawa ƙwaron ya zuba masa, har suka cika ciki haka?"

Na ce kaɗan ne, abin da bakin ƙyashi zai iya ɗauka. Sauran duk a cikinsa aka haife su.

"Ina mazan, ina matan?"

Haihuwar da babu aure

Tambayar nan ta manomi ce kuma mai makiyaya, wanda ya san in babu bunsuru babu 'ya'yan awaki. Amsarta ita ce gaba ɗayan wannan lamari. Halitta mai ƙwaya ɗaya ba ta da uwa da 'ya a yadda muka saba. Ita ce uwar, ita ce 'ya'yan. Takan ci ta girma, ta kwafi kundin gadonta kaf, harafi da harafi, har ya zama biyu. A wajen Leishmania donovani kundin nan ƙunshi 36 ne, waɗanda ake kira kuromosom. Sai wasu siraran zaruruwa su kama kowane ƙunshi da kwafinsa, su ja ɗaya gabas ɗaya yamma, duk a cikin cibiyar ba tare da fatarta ta fashe ba, har cibiyar ta tsinke gida biyu. Kinetofilas ma a kwafe shi a raba. Daga nan jikin ya tsage a tsaye, kowane ɓangare ya tafi da cibiya ɗaya da tsinke ɗaya. Babu gawa, babu mahaifa, babu wadda za a ce ita ce babba. Inda ɗaya take ɗazu, yanzu biyu ne, kuma kowacce a shirye take ta sake.

Na ce wa kawu, ai shi ma ya san irin wannan, bai dai kira shi haihuwa ba ne. Rake ba a shuka shi da iri, gaɓa ake yanka a binne. Mai dabino in yana son irin uwar sak, ba ƙwallo yake shukawa ba, ɗan da ya tsiro a gindinta yake cirewa ya dasa, don ya san na ƙwallo kan fito da hali daban. Ya gyaɗa kai. Na ce to wannan haka take, sai dai ita ba ta jiran manomi.

Abin da ya fi ba ni mamaki har yau, ko da na gani sau ba adadi, shi ne wurin da take yin wannan aiki. A cikin hanjin ƙyashi doguwa ce mai bulala a gaba, tana iyo, tana rabuwa biyu-biyu a can ma. In ƙyashi ya yi cizo ya amayar da ita a fata, makurofaj ya zo ya haɗiye ta kamar yadda ya saba, ya jefa ta cikin wata 'yar jaka mai tsami da yake narkar da ƙwayoyin cuta a ciki. Ita kuwa sai ta janye bulalar, ta dunƙule, ta mai da jakar ɗakin kwana. Ɓarawo ya tare a ofishin 'yan sanda, har yana haihuwa a ciki. In makurofaj ya cika ya fashe, waɗanda suka fito wasu makurofaj ɗin su haɗiye su, su kuma kai su inda suka fi taruwa: saifa, hanta, ɓargo da kaluluwa. Daga nan duk alamomin yaron suke. Saifa ta kumbura ta riƙa tsare ƙwayoyin jini tana lalata su, ɓargon da ke ƙera sababbi ya cunkushe, sai jini ya yi ƙaranci, leɓe ya yi fari. Ƙwayoyin da ke daskarar da jini suka ragu, sai haɓo. Fararen ƙwayoyin da ke tsaron jiki suka ragu, shi ya sa mai kala-azar sau da yawa ciwon huhu ko gudawa ke ƙarasa shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in ba a yi magani ba, fiye da kashi 95 cikin 100 na masu cutar mutuwa suke yi. A yammacin Upper Nile, cikin Sudan ta Kudu ta yanzu, tsakanin 1984 da 1994 ta kashe mutum wajen 100,000 ana tsakiyar yaƙi.

Ba duk wanda ƙyashi ya zuba wa ita ke kwanciya ba. Da yawa jikinsu kan danne ta ba su ma sani ba. Yara, da masu ƙarancin abinci, da masu cutar ƙanjamau, su ne rabuwar ke fin ƙarfin tsaronsu.

Inda na yi kuskure

Malariyar da na gani a zuwan farko gaskiya ce, ba ƙarya na rubuta ba. Yaron yana ɗauke da cuta biyu a lokaci guda, abin da ba baƙo ba ne a wajenmu da damina. Kuskurena shi ne da na sami amsa ɗaya sai na daina tambaya. Ban tambayi kwana nawa zazzaɓin ya yi ba, ban ce wa hakim ɗan kawuna ne kuma na ga ya rame ba. Layi ya yi tsawo ran nan, amma wannan ba hujja ba ce.

Da na zauna daga baya ina tunani, sai na ga bambancin cututtukan biyu ma a salon rabuwarsu yake. Ƙwayar malariya, Plasmodium falciparum, ita ma ƙwaya ɗaya ce, amma ba biyu-biyu take yi ba. Takan shiga jar ƙwayar jini, cibiyarta ta yi ta rabuwa a cikin jiki ɗaya, sannan a tashi guda ta yanyanke zuwa 'ya'ya 16 har zuwa 32, su fasa ƙwayar jinin su fito. Duk awa 48 ake wannan. Kafin nan ma a hanta, guda ɗaya kan zama dubbai. Shi ya sa malariya take da gaggawa da hayaniya: jiya lafiya lau, yau rawar sanyi, jibi suma. Tana cikin jinin yatsa, digo ɗaya ya isa ka gan ta. Ita kuwa kala-azar a ɓoye take, cikin gaɓoɓin da allurar yatsa ba ta kai wa, tana tsagewa sannu a hankali. Mai ihu ya ɗauke mini hankali, na bar mai shiru yana aiki mako 6.

Kowace irin halitta da agogonta. Bakteriyar hanji da ake kira E. coli, in ta sami abinci da ɗumi, minti 20 ya ishe ta ta zama biyu. Cikin awa 7 guda ɗaya ta haura miliyan 2. Ta tarin fuka kuwa sai ta yi awa 15 zuwa 20 kafin ta rabu sau ɗaya, kuma saboda wannan nawar, tare da waɗanda ke lafewa ba sa rabuwa, maganinta ke cin wata 6.

Rana ta 9

Aka kwantar da shi, aka fara allura biyu kullum: sodiyam sitibogulukonet, wanda kowa ke kira SSG, da faromomaisin, ana auna su da nauyin jiki, na kwana 17. A da SSG kaɗai ake yi har kwana 30. Gwaje-gwajen da aka yi a Sudan da Habasha da Kenya da Uganda ne suka nuna haɗin biyun ya wadatar, Hukumar Lafiya ta Duniya ta amince da shi a 2010. Allurar tana da zafi ƙwarai, ba na ɓoyewa. Yaron tun yana kuka har ya koma in ya hango mai allura sai ya juya ya kama ƙarfen gado da kansa. Kakarsa ce ke jinyarsa, tana kiransa maigidana, tana ce masa in ya ƙara kuka za ta sake shi ta auri mai allurar.

Kafin mako ya cika zazzaɓi ya sauka. Ya nemi kisra, wainar dawarmu marar kauri, da miyar kuɓewa, ya cinye. A rana ta 9 kawu ya zo da boksi, wato motar a-kori-kura, ya ce zai tafi da su.

Ba rashin son ɗansa ba ne. Riɗi ba ya jira. In ya nuna ba a yanke ba, kwanson ya buɗe ya zubar da shekara guda a ƙasa. Hannun kaka da na uwar yaron, wadda ke kai da kawowa da abinci, duk ana bukatarsu a gona. Maganin ba a karɓi kuɗinsa ba, amma zaman da kansa kuɗi ne. Kuma ga yaro yana zaune yana dariya.

"Ɗana, ciwo ya tafi. Abin da ya rage a gida ma ya ƙarasa."

Na roƙe shi ya ba ni minti goma. Na tsinci ƙwayar riɗi guda a naɗin rawaninsa na ajiye a kan benci. Na ce, "Kawu, in wannan ta zama biyu, biyun suka zama huɗu, aka yi haka sau 10, nawa ke nan?" Muka lissafa tare: 1,024. Riɗi 1,000 nauyinsa wajen giram 3 ne, cikin ƙaramin cokalin shayi. Ya ce wannan ai ba komai ba ne. Na ce a ƙara sau 10: 1,048,576, kilo 3 da ɗoriya. Ya ce to, an fara magana. Na ce a ƙara sau 10 kuma. Ya fi biliyan ɗaya, sama da kilo 3,000, wato sama da guntar 70, a awon da muke auna riɗi da shi. Ya yi shiru, don ya san gonar da ke ba da guntar 70.

Na nuna masa cewa goman farko cokali ɗaya kawai ya bayar, goman ƙarshe kuwa ya cika lori, alhali aikin iri ɗaya ne. Haka watannin bazara da damina suka wuce yaron yana kiwo ba a ga komai ba. Sannan na juya lissafin. Na ce a ɗauka allurar kwana 9 ta kashe 999 cikin kowace 1,000. Daga biliyan saura miliyan. Yaro zai ji sauƙi, zai ci kisra. Amma miliyan ɗin nan rabuwa 10 kacal take bukata ta koma biliyan.

Dole in faɗi gaskiya a nan, kamar yadda na faɗa masa: lissafin benci ne wannan, ba ƙidayar abin da ke cikin ɗansa ba. A cikin jiki ba a ninkawa sumul haka, tsaron jiki yana kashe wasu, wasu suna lafewa. Kuma ko an cika kwana 17, ba a cewa an kashe ta ƙarshe. Abin da magani ke yi shi ne ya rage su har su koma adadin da jiki zai iya dannewa da kansa. Shi ya sa mai ƙanjamau take yawan dawo masa.

Akwai kuma abu na biyu, wanda ya fi damun mu ma'aikata. Tun da kowacce kwafin uwarta ce, to waɗanda suka tsira daga rabin magani, in akwai abin da ya sa suka fi jurewa, duk zuriyarsu da shi za ta taso. Ba a bukatar su nemi abokin aure, ba a bukatar halin ya narke cikin na wani. A jihar Bihar ta Indiya, inda aka daɗe ana yin SSG guntu-guntu, an kai lokacin da ya daina warkar da fiye da rabin masu cutar a wasu gundumomi, dole aka bar shi. A wajenmu har yanzu yana aiki. Da muguwar rawa gara ƙin tashi.

Kawu bai ce e ba, bai ce a'a ba. Kakar ce, wadda na ɗauka ba ta saurare, ta yi magana daga kan tabarma.

"Kai, wannan dogon lissafi na mene ne? Ba ƙullun kisra yake faɗa maka ba? In na kwashe ƙullu na bar ɗan kaɗan a gindin tukunya, na zuba sabon gari da ruwa da daddare, da safe me kake tararwa?"

Ya ce, "Ya yi tsami, Inna."

"Duka ko rabi?"

"Duka."

"To ka tafi ka yanki riɗinka. Ni da maigidana muna nan sai an wanke tukunya."

Abin da ban gaya mata ba, don kada in ɓata mata nasara, shi ne ba misali kawai ta kawo ba, ainihin abin ta faɗa. Abin da ke tsamar da ƙullun kisra halittu ne masu ƙwaya ɗaya: bakteriya masu sa tsami, waɗanda ke tsagewa biyu ta tsakiya, da yis, wanda shi salonsa daban ne, ɗan ƙullutu yake fitarwa a gefe kamar toho, ya girma ya ɓalle ya bar tabo a jikin uwar. Shekara 50 tana kiwon su a tukunya, ta san in an yi zafi sun fi sauri, in an yi sanyi sai ta matsar da tukunyar kusa da murhu.

Kawu ya ɗauki 'yan ƙwadago biyu da bashi. Wani gefen gonar ya zube kafin a kai gare shi, kuma bai ɓoye mini cewa ya ji zafin hakan ba.

Bayan sallama

Ya cika kwana 17. Saifa ta ja baya sosai ko da ba ta koma daidai ba tukuna, nauyi ya fara hawa, haɓo ya tsaya. Aka ce su dawo bayan wata 6, ko kafin nan in zazzaɓi ya dawo.

A wata na 4 suka dawo a firgice. Wasu ƙananan ƙuraje sun fito masa kewaye da baki, sun bazu zuwa kumatu da goshi, ba zafi ba ƙaiƙayi. Maƙwabta har sun fara cewa kyanda ce, wasu na raɗa abin da ya fi haka muni. Wannan ita ce cutar fatar da ke biyo bayan kala-azar, kuma a Sudan kusan rabin waɗanda suka warke suna yin ta. Ragowar ƙwayoyin ne da suka lafe a fata, tsaron jiki da ya farfaɗo ya taso musu, faɗan ya fito fili. Ba saifa, ba zazzaɓi, yaron na cin abinci. A wajenmu yawancinta kan baje da kanta cikin shekara guda, sai mai tsanani ko wadda ta daɗe ake yi wa magani. Hakim ya duba ya ce a sa ido kawai.

Sai dai ƙurajen nan akwai ƙwayar a cikinsu, kuma lokacin Maris ya kama, ƙyashi ya fara fita. In ya ciji fuskar yaron ya ɗauka, ta koma mai bulala a hanjinsa, ta ci gaba da rabuwa, ya kai wa na kusa. A cikin ƙyashin ne ma, a 2009, masu bincike suka nuna cewa jefi-jefi Leishmania biyu kan haɗu su gauraya gadonsu. Da na gaya wa kawu wannan sai ya yi dariya, ya ce ashe dai akwai auren, ɓoye shi suke yi.

Na ba su gidan sauro mai magani, mai ƙananan ƙofofi, na ce a ɗaura wa yaron shi kaɗai, ƙannensa biyu kuma a wani, kuma a janye angarib ɗinsu daga gindin aduwa. Kaka ta ce bazara da gidan sauro ai gasa mutum ne. Na ce haka ne. Ta karɓa ta naɗe ta sa a ƙarƙashin hammata, ta ce wa yaron ya tashi su tafi kada boksin ƙauye ya bar su.

Awakin kuwa, a wannan shekarar ƙaninsa aka ba, da sharaɗin ya dawo da su tun la'asar.